Babi na Huɗu: Ina Haske Yake Tafiya Idan An Ɗauke Wuta?

Duk gidan da yake da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya san irin waɗannan tambayoyi. Ana tsakiyar cin tuwon dare a ɗauke wuta, kafin a lalubo fitilar caji sai ka ji murya daga kan tabarma: "Umma, ina hasken ya tafi?" Ko a cikin adaidaita sahu, an taso daga Gyaɗi-Gyaɗi za a shiga Darmanawa bayan Isha'i, yarinya ta leƙa waje ta ce, "Abba, wata yana bin mu." Amsoshin da muka gada ba su da yawa. Ko a ce "ka cika surutu", ko "in ka girma ka sani", ko kuma "haka Allah ya yi". Ta ƙarshen gaskiya ce babu musu, sai dai yaron bai yi jayayya da ita ba tun farko. So yake a nuna masa yadda abin yake gudana.

Iyaye da malaman nazare su ma suna da tasu tambayar. Yaron da bai gama iya rubuta sunansa ba, ta ina za a fara masa maganar kimiyyar haske? Da wane kayan aiki, a makarantar lungu da ko benci bai wadata ba?

A ganina babu ɓangaren kimiyya da ya kai haske arha a Kano. Muna da rana kusan kullum, muna da ƙura, muna da duhu ko ba mu nema ba. Abin da ake buƙata daga babba shi ne ɗabi'a guda: kafin a yi kowane gwaji, a tambayi yaro, "Me kake jin zai faru?" A bar shi ya faɗi nasa, ko da bai yi daidai ba, sannan a yi abin a gabansa. Sauran wannan babi bayani ne na abin da za a gwada, da wanda ya kamata ya riga wani.

A fara da inuwa

Yaro ya san inuwa kafin ya san haske. Ya gudu ta bi shi, ya yi ƙoƙarin taka kanta ta ƙi tsayawa. Ƙananan yara da yawa suna ɗauka inuwa wani baƙin abu ne da yake fitowa daga jikinsu, kamar gumi. Ba sa haɗa ta da rana ko kaɗan.

Da safe, wajen ƙarfe takwas, a tsayar da yaro a tsakar gida ko filin makaranta, a zagaye sawunsa da gawayi, yayarsa ta zana iyakar inuwarsa a ƙasa. A tambaye shi: in ka dawo nan da azahar ka tsaya a kan sawun nan, inuwar za ta shiga cikin zanen? Mafi yawansu cewa za su yi za ta shiga, ai shi ne dai bai canza ba. Da azahar sai ya tarar ta tsuke ta dawo gindin ƙafarsa. Da la'asar sakaliya ta miƙe ta yi ɗaya ɓangaren, ta fi shi tsawo. A kowane karo tambaya ɗaya ta isa: "Ina rana take yanzu?" Ba za a daɗe ba zai gano da kansa cewa duk inda rana take, inuwa tana ɗaya gefen, shi kuma yana tsakani.

Da dare a ɗauki tocilan waya a haska bango, a sa hannu a tsakani. A matso da hannun kusa da tocilan, inuwar ta cika bango. A kai shi jikin bangon, ta dawo daidai girmansa. A gwada da ludayi, da farar leda, da kofin gilashi, da rariya. Ludayi ya tare hasken gaba ɗaya, leda ta rage shi, gilashi ya bar shi ya wuce, rariya ta yanka shi ɗigo-ɗigo. Abin da yaro ya koya a nan, ko bai iya faɗa da baki ba, shi ne haske yana tafiya a miƙe, ba ya kewaya abin da ya tare shi. Wanda yake son ya ga miƙewar da idonsa ya jira hunturu. Ƙurar da iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana cika ɗakuna daga Disamba zuwa Fabrairu. In akwai hudar ƙusa a rufin kwano, ko tsaga a jikin taga, za a ga hasken ya sauko ɗoɗar har ƙasa, ƙura na yawo a cikinsa. A ba yaro zare ya riƙe a gefen hasken, a ja zaren ya miƙe, ya kwatanta.

Sandar da ta san lokacin salla

Nan ne nake ganin malaman Islamiyya da na boko suna barin dama tana wuce su. Tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa, da inuwa ladanai suke gane lokaci. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san ƙa'idar: azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsakiya, inuwa ta daina raguwa ta fara ƙaruwa, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire 'yar inuwar da ta rage masa a tsakar rana. Yara suna haddace wannan da yamma a Islamiyya, amma ƙalilan ne aka taɓa fita da su waje aka kafa musu sanda suka gani.

A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a wuri mai laushi, a tabbatar ta tsaya cak. Kowace awa a ajiye tsakuwa a kan bakin inuwarta. Tsakuwar da ta fi kusa da gindin sandar ita ce tsakar rana ta gaskiya, kuma a Kano ba ƙarfe goma sha biyu daidai take faɗowa ba. Agogon Najeriya an saita shi ne da wani layi da yake gabas da mu, saboda haka tamu tsakar ranar takan zo bayan sha biyu da kusan rabin awa, tana ɗan gaba tana ɗan baya gwargwadon watan da ake ciki.

In an bar sandar ta shekara, sai ta nuna abin da manya da yawa ba su taɓa lura da shi ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Disamba, inuwar sandar a tsakar rana takan kai kusan santimita 70, tana kallon arewa. A ƙarshen Yuni kuwa ba ta wuce santimita 20, kuma kudu take kallo. Tunda ta tashi daga arewa ta koma kudu, dole akwai ranar da take ratsa gindin sandar. Sau biyu hakan yake faruwa a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, lokacin da rana take bi ta saman kanmu daidai. Ta Afrilu ta fi sauƙin gani, domin Agusta tsakiyar marka ce, gajimare yakan rufe. A ranar, wajen ƙarfe 12:25, a jera gwangwanaye da kwalabe a tsakar gida. Na ɗan mintoci inuwarsu za ta ɓace ƙarƙashinsu, su zama kamar an liƙa hotonsu a ƙasa. Yaran Landan da na Alƙahira ba za su taɓa ganin wannan a garuruwansu ba, domin rana ba ta hawa saman kansu ko sau ɗaya.

Makka ma tana da irin waɗannan ranaku nata: 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli. A lokacin da rana take saman Ka'aba, wato wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya a Mayu, da 10:27 a Yuli, duk sandar da aka kafa a Darmanawa inuwarta tana ba alƙibla baya. A ja layi daga bakin inuwar zuwa gindin sandar, a zarce, an samu alƙibla: gabas, an ɗan karkata arewa. Yaron da aka sa ya ja wannan layi da hannunsa, sannan ya shiga ɗaki ya duba ko dardumar Hajiya tana kallon daidai, ba zai manta darasin ba.

Ido ba tocila ba ne

Tambayi yaro ɗan shekara shida yadda yake ganin ƙofa, ka ba shi alli ya zana. Sau da yawa zai ja layi daga idonsa zuwa ƙofar. A wurinsa gani wani abu ne da yake fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Kada a yi masa dariya, domin manyan masana na Girka irin su Uƙlidis da Batlimus a kan haka suka tafi, kuma ra'ayin ya yi fiye da shekara dubu yana da mabiya.

Wanda ya warware maganar shi ne Hasan Ibn Alhaisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu a can wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya kafa hujja cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido. Daga cikin hujjojinsa akwai wadda kowane yaro zai gane: wanda ya kalli abu mai tsananin haske idonsa yakan yi zafi, kuma in ya kau da kai ya ci gaba da ganin tabon hasken na ɗan lokaci. Abin da yake shigowa daga waje ne yake yi wa ido haka. An fassara littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, malaman Turai suka yi ƙarnoni suna karatu a kansa. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2015 a matsayin shekarar haske, cikar aikinsa shekara dubu na cikin abin da aka yi bikinsa.

A gida, kwalin takalmi ya isa. A saka 'yar tsana ko marfin lemo a ciki, a rufe ruf, a huda ƙaramar kafa a gefe ta leƙawa, a huda wata a sama a toshe ta da yatsa. Yaro ya leƙa: ba ya ganin komai. Zai ce a bari idonsa ya saba. A bar shi ya jira iya son ransa. Yana da dalilin faɗin haka, domin in an ɗauke wuta, bayan ɗan lokaci yakan fara ganin gado da ƙofa. Amma a ɗaki akwai ɗan hasken da yake satar shigowa ta taga da ƙarƙashin ƙofa, ido kuma yana buɗewa ya ƙara himma har tsawon minti ashirin ko talatin don ya yi amfani da shi. A cikin kwali babu ko ɗigo. Sai a ɗaga yatsa daga kafar sama, 'yar tsana ta bayyana nan take. Idon bai canza ba. Abin da ya canza haske ne ya shiga.

Za a kawo maganar kyanwa, kullum sai an kawo. Idon kyanwa yana ƙyalli ne kawai idan an haska ta, saboda wani shimfiɗi mai sheƙi da yake can bayan idon yana mayar da hasken da ya shiga. A duhun da babu haske ko kaɗan ita ma ba ta gani, idonta kuma ba ya ƙyalli.

Yanzu ana iya amsa tambayar ɗauke wuta. Haske ba ya taruwa a ɗaki ya zauna. Ƙwan lantarki yana ta ƙera shi ne ba tsayawa, bango da labule da tufafi suna ta shanye shi suna mai da shi ɗan ɗumi. Da zarar ƙwan ya daina, ragowar da take yawo a ɗakin ta ƙare cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. In yaro yana shakkar cewa kaya suna shan haske, a shanya baƙin ƙyalle da fari a rana, bayan rabin awa ya taɓa kowanne.

Duniya kai ƙasa

Ibn Alhaisam ya yi wani gwaji da ya cancanci a maimaita shi a kowace firamare. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya bar ƙaramar kafa guda. A bangon ciki sai ga ɗigon haske, kowace fitila da nata. Da ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Hasken duk ya bi ta kafa ɗaya bai cakuɗe ba, kuma fitilar dama ɗigonta a hagu ya faɗo. Wayoyi uku da kwali mai huda za su yi wannan aiki a zaure da daddare.

Daga nan sai gwangwanin madara. A huda gindinsa da siririyar ƙusa, a ɗaure bakinsa da farar leda marar kauri ko takardar da aka shafa wa mai, yaro ya lulluɓe kansa da zane ya bar gindin gwangwanin a waje yana kallon titi mai rana. A jikin ledar zai ga mai tura kurar ruwa yana tafiya kai ƙasa ƙafa sama, da launinsa da komai. Dalilin shi ne miƙewar nan da aka gani tun a inuwa: hasken da ya taso daga hularsa ya ratsa kafar ya sauka ƙasa, na takalminsa ya haura sama. Haka hoto yake faɗawa a bayan idonmu ma, a juye, kamar yadda Kepler ya bayyana a 1604. Ƙwaƙwalwa ce take daidaita shi.

Ƙarƙashin darbejiya akwai irin wannan kafa ta gwangwanin ɗaruruwa. A duba ɗigon hasken da suke zuba a ƙasa ta tsakanin ganye: mafi yawansu zagayayyu ne, alhali kafofin da suka biyo ba zagayayyu ba ne. Kowane ɗigo hoton rana ne. Ranar 29 ga Maris 2006, da husufin rana ya ratsa arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, har gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, a Kano ma rana ta kusa rufewa, duk wanda ya sunkuya ya dubi gindin bishiya ya ga ɗigon nan sun koma siffar jinjirin wata.

Madubi, sannan wata

Ka buga ƙwallo a kan siminti mai santsi, ka san inda za ta nufa. Ka buga ta a kan tsakuwa, sai inda ta ga dama. Haka haske yake yi da madubi da bango. Dukansu suna mayar da shi, amma madubi a tsare yake mayarwa, shi ya sa kake ganin fuskarka, bango kuwa watsa shi yake ta ko'ina. Masu bugu a Ƙofar Mata da garin Kura sun daɗe da sanin wannan a aikace: rawanin da aka rina da baba, aka buga shi har fuskarsa ta kwanta, yakan yi sheƙi, wanda ba a buga ba kuwa ba ya yi.

A ba yara biyu ƙananan madubai su tura hasken rana daga tsakar gida zuwa cikin ɗaki mai duhu, ɗaya ya miƙa wa ɗaya. Sharaɗi guda: ba a haska fuskar kowa. A ba su cokalin ƙarfe su kalli kansu ta ciki da ta baya. Ba sai an yi bayanin komai ba a wannan shekarun. Dariyar ta isa.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma bango ya fi kama da shi fiye da madubi. A ɗaki mai duhu a kunna tocila guda a ajiye, yaro ya riƙe lemon zaƙi a gabansa ya juya a hankali a inda yake tsaye. Zai ga gefen da ya haskaka yana farawa siriri, ya kai rabi, ya cika, ya koma raguwa. Ranar da ake duban watan azumi ko na Salla, kafin sanarwar Sarkin Musulmi ta iso, ko washegari da jinjirin ya fi fitowa, a nuna masa cewa gefen da yake haske yana kallon inda rana ta faɗi.

Bin mu da wata yake yi kuwa, nisa ne. Shagunan bakin titin Zariya suna kusa, da an matsa kaɗan sun koma baya. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, saboda haka tafiyar adaidaita daga Asibitin Malam Aminu Kano zuwa Unguwa Uku ba ta isa ta canza inda ake hango shi ba.

Cokalin da ya karye

A tsoma cokali a kofin gilashi mai ruwa, a kalla ta gefe: ya karye a daidai bakin ruwan. A zaro shi, lafiyarsa ƙalau. Haske yana rage gudu a cikin ruwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a inda yake ƙetarawa daga ruwa zuwa iska yakan lanƙwasa. Irin wannan lanƙwasa ce take haifar da kawalwalniya a kan kwalta da bazara: iskar da take dab da titi ta fi ta sama zafi, sai hasken sararin sama ya tanƙwaro ya shigo ido daga ƙasa, mu ɗauka ruwa ne. Da ita kuma tabarau yake aiki. Ɗigon ruwa guda a kan farar leda, a ɗora a kan rubutun jarida, zai ƙara wa haruffa girma.

Launi yana ina?

Mata da teloli da suke sayen shadda a Kantin Kwari ba sa yarda da launin da suka gani a ƙarƙashin ƙwan shago. Sai an fito da ita bakin ƙofa an duba a rana. Suna da gaskiya. Launin da ido yake gani ya dogara da abu biyu: hasken da ya sauka a kan ƙyalle, da ɓangaren da ƙyallen ya mayar. Farin hasken rana haɗin launuka ne. Jan mayafi yana shanye sauran ya mayar da ja. A rufe bakin tocila da koriyar leda a haska jan tumatir a ɗaki mai duhu, yaro zai ga ya koma kusan baƙi, domin babu jan da zai mayar.

Don a ga launukan da suke cikin farin haske, a jingina ƙaramin madubi a cikin faranti mai ruwa, rabinsa a nutse, a sa a rana da safe, a juya shi har hasken ya faɗa a farin bango. Za a ga ja a gefe ɗaya, shunayya a ɗaya gefen, rawaya da kore da shuɗi a tsakani. Isaac Newton ya yi irin wannan da gilashi mai kusurwa uku wajen 1666, kuma shi ya ƙirga su bakwai. Ba na ganin amfanin tilasta wa ɗan nazare ya haddace bakwai ɗin nan da Turanci yana rerawa, alhali bai taɓa ganin su a bango ba. Launukan narkewa suke yi cikin juna babu iyaka. A tambaye shi nawa shi yake gani.

Bakan gizo shi ne wannan gwaji a sararin sama, kowane ɗigon ruwa yana aikin madubin da farantin. Kamaluddin Alfarisi, wanda ya yi sharhin littafin Ibn Alhaisam a farkon ƙarni na 14, ya gano haka ta hanyar cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi sawun haske a cikinsa. Ba a ganin baka sai rana tana bayan mutum, ruwa yana gabansa, kuma ranar ta sauko ƙasa da digiri 42. Shi ya sa da yamma a gabas yake fitowa, da safe a yamma, da tsakar rana kuwa ba a ganinsa. Mun taso ana ce mana shi yake shanye ruwan sama. Akwai lura ta gaskiya a cikin maganar: ba ya fitowa sai gajimare ya yage rana ta leƙo, kuma sau da yawa hakan alama ce hadarin ya fara watsewa. Yaro zai iya yin nasa: ya ba rana baya da la'asar, ya guntsi ruwa daga buta ya fesa.

A ɗiga ɗan mitsitsin ruwa a kan farin fuskar waya, a duba da kyau: ƙananan ɗigo ne ja da kore da shuɗi. Da su uku ake haɗa duk launin da ke cikin waya da talabijin. Ƙwan da yake ba da shuɗin ne ya fi ba masana wuya, kuma Jafanawa uku da suka ƙera shi, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014. Fitilar cajin da ta kori fitilar ƙwai da aci-balbal daga gidajenmu, da ta sola da ke kan titi, shuɗin nan ne a cikinsu, an lulluɓe shi da wani sinadari mai ba da rawaya, haɗin ya fito fari.

Abin da ba a wasa da shi

Ba a kallon rana kai tsaye, ko da hazo ya dushe ta, ko a lokacin husufi, ko ta cikin baƙin tabarau, tsohon fim ɗin hoton ƙashi ko ruwan bokiti. Bayan ido ba ya jin zafi lokacin da yake ƙonewa, kuma tabon yana iya zama na har abada. 'Yar tocilan nan mai jan ɗigo ko kore da ake sayarwa a matsayin abin wasa, kada a bar ta a hannun yara. Gilashin ƙara girma yana kunna takarda a ranar Kano cikin ƙanƙanin lokaci, saboda haka babba ne yake riƙe shi. A yi amfani da tocila a maimakon kyandir, a kuma naɗe gefen madubi da salatif.

Wanne ya riga isowa?

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Daga wata zuwa nan sakan ɗaya da ɗan ɗori yake yi. Daga rana, mai nisan kilomita miliyan 150, minti takwas da sakan ashirin. Waɗannan lambobi ba su da ma'ana ga ɗan shekara biyar, amma damina tana kawo hanyar da zai ji abin a jikinsa. In hadari ya taso daga gabas, a zauna a cikin ɗaki a bakin taga. Da an ga walƙiya a fara ƙirge a hankali, ɗaya, biyu, uku, har a ji tsawa. Tare suka tashi daga wuri ɗaya. Hasken ya iso nan take, ƙarar kuwa tana tafe a baya da gudun kimanin mita 340 a sakan, wato kowane sakan uku kilomita ɗaya. Wanda ya ƙirga tara, walƙiyar ta faɗi a nisan kilomita uku. In ƙirgen yana raguwa, hadarin yana matsowa, a kira waɗanda suke waje su shigo.

Yaro mai wayo zai tambayi abin da ya riƙe ƙarar a hanya, da abin da take takawa ta iso. Haske yana ratsa sararin da babu iska tsakaninmu da rana, ƙara kuwa ba ta iya tafiya sai da abin da zai ɗauke ta. Babi na gaba a kan sauti ne, kuma za mu fara da fatar kalangu, da 'yan ƙwayoyin gero da za a zuba a kanta kafin a buga.